Yadda Yaro Yake Kama Magana

Jama'a, kun tuna wahalar da muka sha a aji wajen rarrabe k da ƙ a kan allo? To, jaririn da ke goye a bayan uwarsa ya riga mu yin wannan aiki, amma shi da kunne ya yi.

Tun yana ciki, a watanni 3 na ƙarshe, yana jin muryar uwarsa. Bai san ma'ana ba, tashi da saukar murya kawai yake ji. Wannan kuwa babban abu ne a Hausa. Ku faɗi "kuka" na hawaye, ku faɗi "kuka" ta miya. A rubutu ɗaya ne, amma a baki daban. Ba wanda ya zaunar da yaro ya koya masa, duk da haka yana girma ba ya haɗa su.

A shekarar 1984 waɗansu masana a ƙasar Kanada suka gwada jarirai. Suka tarar ɗan wata 6 zuwa 8 yana rarrabe sautuka har na harshen da ba a yi a gidansu. Kafin ya cika shekara, kunnensa ya fara tsayawa a kan na gida, ya saki sauran. Shi ya sa Bature yake shan wuya da "baki" da "baƙi", alhali ɗanku bai ɗauke su komai ba.

Wajen wata 7 sai ya fara "ba-ba-ba", "ma-ma-ma". Ba kiran kowa yake yi ba tukuna, ko da yake uba yakan yi ta murna. Leɓe ne ke da sauƙin motsawa, kuma yaro yana ganin na uwarsa. Ku duba kalmomin da kan fara zama a bakinsa: baba, mama, dada, kaka, nono. Duk gajeru ne, gaɓa ɗaya ce aka maimaita. Kalmar da ya kama ita ke jawo mai kama da ita. Wanda ya iya "kaka" ya yi rabin hanyar "kaza". Amma "tsintsiya" sai ta jira, ko da kullum yana ganinta a tsakar gida, don ts da r da ƙ ba su zuwa da wuri.

Saboda haka in ɗan shekara 2 ya ce "luwa", kada a yi masa dariya, kada kuma manya su koma cewa "luwa". Uwa ta ce, "Ruwa kake so? Ga ruwa." Ya ji daidai sau biyu ke nan.

Abin da ya fi damuna shi ne ciwon kunne. In kunnen yaro yana zubar da mugunya, ko ana kiransa ta baya ba ya waiwayowa, ko ya kai shekara ɗaya da rabi ba kalma ko ɗaya, kada a ce nauyin baki ne na gado. A kai shi asibiti a duba kunnen.