Allon labarin kiwo: a rage masa kaya, makiyayi ya gane

Ƴan'uwa makiyaya, da yawa daga cikinku sun taɓa ganin ma'aikacin kiwo ya buɗe ordinater ko salula, allo ya cika da lambobi da taswira mai launi barkatai. Labari ne mai amfani, amma in ba a gane shi ba, ɓarna yake yi. Mutum na iya kora garke kwana uku zuwa tabkin da ya riga ya ƙafe, ko ya kai rago kasuwa ranar da kuɗinsa ya faɗi. Shi ya sa ya kamata a sake tsarin allon, a sauƙaƙa shi.

Daga ina labarin yake fitowa?

Tauraron ɗan Adam yana ɗaukar hoton ƙasa, ya nuna inda haki ya fito. Cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 tana cikin masu wannan aiki. Ƙarshen damina kuma, ma'aikata suna shiga daji su yanki haki su auna. Wasu suna bin kasuwannin bisashe irin na Abalak da Dakwaro da Tanut suna rubuta farashi.

Mi za a bari a kan allo?

Abu uku makiyayi ke tambaya: ina haki, ina ruwa, nawa ake sayen bisa. Su kaɗai ya kamata a fara gani. Sauran lissafi a tura shi shafi na biyu, don ma'aikata.

Ga misali. A lissafin ma'aikata, bisa mai nauyin kilo 250 tana cin busasshen haki kilo 6,25 a rana. Cikin kwana 270 na rani ya kama kusan tan 1,7. Makiyayi ba ya bukatar ganin tan. A ce masa kawai hakin wurin zai kai damina, ko zai ƙare tun bazara. Kore ya nuna wadata, ja ya nuna ƙaranci, a haɗa da alama, don akwai masu wuyar bambanta ja da kore.

Haka farashi. In bunsuru ya yi jika 25, buhun hatsi shi ma jika 25, to bunsuru ɗaya buhu ɗaya ke nan. In hatsi ya hau jika 50, sai bunsuru biyu. Wannan shi ne lissafin da mai gida ke so.

A kuma rubuta ranar da aka ɗauki labarin, da manyan baƙaƙe. Labarin ruwa na wata guda da ya wuce ba abin dogara ba ne. Wanda bai yi karatu ba, a tanadar masa murya da Hausa, Fulatanci ko Tamashek.

Hattara!

Tauraro kore yake gani, ba ya bambanta hakin kirki da garmani ko tumfafiya. In gobarar daji ta ci wurin bayan an ɗauki hoto, allo ba zai nuna ba. Saboda haka kada ku bar al'adar tura ɗan leƙe kafin garke ya tashi.

In an nuna muku allo ba ku gane ba, kada ku ji kunya. Ku gaya wa ma'aikacin kiwo na garinku wurin da ya rikita ku, don da maganarku ce ake gyara shi.