Yadda Kenya Ke Samun Lantarki Daga Iska

A arewacin Kenya, kudu maso gabas da Tafkin Turkana, akwai wani wuri tsakanin Dutsen Kulal da Dutsen Nyiru inda iska ke kaɗawa da ƙarfi kusan duk shekara, kuma daga ɓangare guda. Duwatsun ne suke matse ta, sai ta ƙara gudu kamar ruwan tiyo idan an danne bakinsa da yatsa. A nan, cikin gundumar Marsabit, aka kafa tashar lantarki mai aiki da iska wadda ta kai megawat 310.

Manyan fankoki 365 ne a jere a fili, kowace da fukafukai uku a kan dogon turken ƙarfe. Iska na juya fukafukan, su kuma su juya janareta da ke bayansu. Gudun iskar shi ne komai, domin idan ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikinta yakan ninka sau takwas. Shi ya sa masu zuba jari suka yarda suka gyara hanya mai tsawon kilomita fiye da 200 don manyan motoci su kai kaya wannan lungu.

An gama kafa fankokin a 2017, amma suka yi fiye da shekara babu inda za su tura wuta. Layin da zai ɗauke ta zuwa Suswa, tafiyar kilomita sama da 400, bai kammala ba saboda kamfanin ƙasar Sifen da aka ba kwangilar ya karye. Sai a watan Satumba na 2018 aka haɗa tashar da babban layin ƙasa, Shugaba Uhuru Kenyatta ya buɗe ta a 2019. Diyyar wannan jinkiri a kan 'yan ƙasa ta faɗa, asarar da za a iya kauce mata da an fara aikin layin da wuri.

Maganar fili ta fi wannan nauyi. Wurin makiyaya ce ta Rendille da Samburu da Turkana, masu kiwon raƙuma da awaki, kuma wasunsu sun kai ƙara cewa an ba da eka 150,000 ba tare da an tuntuɓe su yadda doka ta tanada ba. A 2021 wata kotu a Meru ta ce ba a bi ƙa'ida ba wajen bayar da takardun filin. Haƙƙin makiyayi ba ya raguwa don aikin da ake yi mai amfani ne.

Duk da haka harkar na ci gaba. Tashar Kipeto mai megawat 100 a gundumar Kajiado ta fara aiki a 2021. Tunda iska ba ta da tabbas kowace sa'a, Kenya na haɗa ta da wutar tururin ƙarƙashin ƙasa ta Olkaria da madatsun Kogin Tana, ta yadda idan fankoki na aiki sosai sai a tanadi ruwan madatsun don lokacin fari.