Albashinka Ya Shigo Cif-Cif? Tambayi Inda Harajinka Ya Kwana

Akwai ma'aikata da yawa a makarantun kuɗi, da ƙananan asibitoci, da gidajen mai, da kamfanonin gine-gine, waɗanda idan wata ya ƙare sai su ji alat ya shigo da albashinsu cif-cif, ko sisi ba a taɓa ba. Wasu ma a hannu ake ƙirga musu, su rattaba hannu a wani littafi su kama gabansu. Har za ka ji ana yabon maigida, wai mutumin kirki ne, ba ya yankar wa kowa komai. To, a yi hattara. Harajin da ba a yanka ba gwamnati ba ta yafe shi ba. Bashi ne a kwance, kuma akwai ranar da za a tashe shi.

Ba laifin mutanenmu ba ne idan batun ya yi musu baƙo. Tun da gwamnatocin jam'iyyar PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, talaka ya ɗauka shi da mai karɓar haraji sun yi hannun riga. Amma wancan harajin kai ne da na shanu. Harajin albashi, wanda ake kira PAYE, babu wanda ya taɓa soke shi.

Tsarinsa mai sauƙi ne. Harajin na ma'aikaci ne, domin a kan abin da ya samu aka ɗora shi. Sai dai doka ba ta bar shi ya kai da kansa ba, ta ɗora wa wanda ya ɗauke shi aiki nauyin cirewa kafin albashi ya shiga hannu, ya kai wa hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da ma'aikacin yake zaune, kamar KIRS a Kano ko KADIRS a Kaduna. A lura, jihar da mutum yake kwana, ba wadda yake zuwa aiki ba: wanda yake aiki a Abuja amma gidansa na Suleja, harajinsa na Jihar Neja ne, na Mararaba kuma na Nasarawa.

To idan maigida bai yanka ba fa? Tsohuwar dokar harajin kuɗin shiga ta 1993, wadda aka yi wa gyara a 2011, ta yi magana a fili a sashe na 82: mai ɗaukar aikin da ya ƙi yankewa, ko ya yanka ya ƙi kaiwa, za a bi shi bashin kuɗin, da tarar kashi 10 cikin 100 a shekara, da kuɗin ruwa a kai. Sabbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025, suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, sun ƙara ɗaure igiyar. Wanda ya ƙi yankewa zai biya tarar kashi 40 cikin 100 na kuɗin da bai yanka ba. Wanda kuwa ya yanka ya danne, bayan biyan kuɗin da tara da ruwa, kotu tana iya ɗaure shi har shekara 3.

Wani zai karanta wannan ya ce, ai shi ke nan, ni babu ruwana, su ƙarata can. Nan ne kuskuren yake. Tara hukunci ne a kan mai kamfani, amma asalin harajin yana nan, kuma sunan da yake manne da shi naka ne. Hukuma takan fara da maigida don shi ya fi sauƙin kamawa, yana da ofis, yana da asusu, yana da littafin albashi. Shi kuma da zarar wuta ta yi wuta, wa kake jin zai juya wa? Sai ka ji akanta ya kira taro ya ce daga wannan watan za a fara cire "bashin baya". Idan kuwa kamfanin ya durƙushe, ko mai shi ya rufe ya yi ɓatan dabo, kai ne za ka tsaya a gaban jami'i babu abin nunawa.

Mu ɗan yi lissafi. A sabon tsari, naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu, kuma mai karɓar mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wato naira 70,000 a wata, ko ƙasa da haka, an ɗauke masa gaba ɗaya. Naira miliyan 2.2 da suke biye ana cire musu kashi 15 cikin 100. A ce malamar makaranta ce, bayan an ware kuɗin fansho da rangwamen hayar gida abin da ya rage mata a shekara naira miliyan 1.5 ne. Harajinta kashi 15 na naira 700,000 ke nan, wato 105,000 a shekara, 8,750 a wata. A wata-wata ana iya haɗiyewa. Amma a bar shi shekara uku, ya zama 315,000. Wace malama ce take da wannan a ajiye ranar da za a ce ta kawo? Ga shi kuma hukuma tana iya waiwayar shekara shida baya ta bincika.

Mafi ciwo shi ne wanda ake yankar masa kowane wata amma kuɗin ba su taɓa barin aljihun kamfani ba. Wannan, a kira shi da sunansa, cin amana ne. Mutum ba ya ganewa sai ranar da ya je neman takardar shaidar biyan haraji, wadda take nuna shekara uku da suka wuce, don neman takardar mallakar fili, ko kwangilar gwamnati, ko tsayawa takara. Jami'i ya danna kwamfuta, ya ɗago kai ya ce, "Malam, ai babu sunanka a nan." A irin wannan hali abin da zai cece ka shi ne shaida. Tsohuwar dokar ta 1993 ta tanadi cewa wanda ya nuna hujjar an yanke masa haraji tun daga tushe ba za a hana shi wannan takarda ba. Hujjar kuwa ita ce takardar albashi, wadda take nuna jimillar kuɗinka da abin da aka cire layi-layi. Wannan 'yar takardar da wasu suke naɗe ƙosai da ita.

Akwai kuma dabarar da wasu masu kamfani suke yi: mutum yana zuwa aiki kullum daga safe zuwa yamma, amma a rubuce an ce ɗan kwangila ne, ba ma'aikaci ba, don a zame wa PAYE da kuɗin fansho. Duk wanda aka rubuta haka ya sani cewa a idon hukuma shi zai bayyana abin da ya samu da kansa. Haka ma ma'aikacin da yake da shago a gefe ko gidan haya. Abin da aka yanka a albashi bai shafe wancan ba. Wa'adin miƙa bayanin shekara ga ɗaiɗaikun mutane shi ne 31 ga Maris, masu ɗaukar aiki kuma 31 ga Janairu suke miƙa jerin ma'aikatansu da abin da aka cire wa kowa.

Na san tambayar maigida irin wannan magana ba ta da sauƙi a lokacin da aiki ya yi wuya, kowa yana tsoron a ce ya cika baki. Amma ana iya tambaya cikin ladabi, kuma idan kun haɗa kai ku biyar ko goma babu wanda za a ware. Idan an ƙi ba ku takardar albashi, ku adana takardar ɗaukar aiki da bayanan asusun banki. Idan kuwa ta tabbata ba a yankewa, ka fara ware kason a gefe tun yanzu.

Su kuma masu makarantu da asibitoci da kamfanoni, ku daina ɗaukar ƙin yankewa a matsayin kyautatawa. Kuna tara wa kanku tara ne, kuna tara wa yaranku bashi.

Kai mai karatu, kafin wannan watan ya ƙare, ɗauki lambarka ta NIN ka je ofishin harajin jiharku mafi kusa, ka ce a duba maka abin da aka biya da sunanka a shekara uku da suka wuce.