Zomanyar da Ta Sha Wuyar Haihuwa: A Sake Kai Ta Wurin Namiji ko A Hutar da Ita?

Da asubar wata Laraba cikin hunturun bara, na dawo daga masallaci na haska kejin zomanyata Fara da tocila, sai na tarar da 'ya'ya bakwai a warwatse kan waya. Jajaye ne, babu gashi ko ƙwaya a jikinsu, biyar sun riga sun sandare. Akwatin haihuwar da na sa mata yana can kusurwa, ta mai da shi wurin kashi. Ita kuwa tana gefe tana tauna harawa abinta. Na kwashi biyun da ke motsi na cusa cikin rigata, na manna su da fatar cikina har ɗumi ya dawo musu. Haihuwarta ta fari ke nan.

A watan Maris kuma wata zomanyata ce, Toka. Cikin zomanya kwana 31 ne a mafi yawan lokaci, amma ita ta kai kwana 34. Ta cire gashin ƙirjinta ta shimfiɗa a akwati kamar yadda uwa ta gari ke yi, sai dai ta wuni tana yunƙuri babu abin da ya fito sai ɗigon jini. Da la'asar na ɗaga ta, na ga ƙafafun ɗa a waje, kai ya maƙale a ciki. Na sa ta a kwali na ɗaura a bayan babur zuwa wurin likitan dabbobi. Ya shafa mai, ya ja a hankali yana bin yunƙurinta, ɗan ya fito a mace, ya kusa ninka girman jariran da na saba gani. Da ya tabbata hanya ta buɗe ya yi mata allurar naƙuda, na biyu ya fito, shi ma babu rai. Su biyun ne kaɗai a cikin.

Masu kiwo a unguwarmu suna kiran abubuwan nan biyu da suna ɗaya, wai zomanya ta samu matsalar haihuwa. Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya fara kiwon zomo tun ina makarantar firamare, ya ce mini, "Yaro, wadda ta zubar da 'ya'ya wuƙa ce maganinta, kada ka ɓata dusarka." Ɗana kuwa cewa ya yi, "Baba, a ƙara gwada su duka, ai ba da gangan suka yi ba." Ban bi ko ɗaya daga cikinsu gaba ɗaya ba, domin na lura abin da ya samu Fara daban ne da wanda ya samu Toka.

Hujjar mai cewa a sake gwadawa tana da ƙarfi, kuma ta fi ƙarfi a kan mai haihuwar fari. Zomanyar da ba ta taɓa haihuwa ba takan haihu a waje da akwati, ko ta ƙi cire gashi, ko ta tattake 'ya'yan, wani lokaci har ta ci wani sashe na jikinsu garin lashe su da cinye mabiyiya. Da yawansu a haihuwa ta biyu sai ka ga kamar an koya musu. Sannan in mutum zai faɗa wa kansa gaskiya, rabin laifin yakan zama nasa. Zomanya mai naƙuda da ta wayi gari kwanon ruwanta a bushe tana iya juyawa kan 'ya'yanta. Haka in kyanwa ko gafiya ta yi ta sintiri ƙarƙashin keji da dare, ko yara suka yi ta leƙe suna ɗaga murfi. Ni da na zauna na duba littafina, na ga na sa wa Fara akwati tun kwana na 20, alhali kwana na 28 ne lokacinsa. Kwana goma sha ɗaya tana shiga tana fita, ta saba da shi a matsayin makewayi tun kafin hankalinta ya kai ga gida. Kejin kuma yana fuskantar gabas, inda iskar hunturu ke bugowa. Me za a ce ta yi?

Akwai kuma wani abu a halittar zomo da ke goyon bayan wannan ra'ayi. Zomanya ba ta jiran wani lokaci na musamman kamar akuya ko saniya. Barbarar ce ke sa ta saki ƙwai, kimanin awa goma bayan haɗuwa. Wadda ta haihu lafiya amma ta rasa 'ya'yanta, in nononta bai kumbura ba kuma tana cin abinci, ana iya mayar da ita wurin namiji cikin 'yan kwanaki. Barin ta ta zauna wata da watanni yakan jawo mata kitse, kitse kuwa shi ne babban abokin gabar zomanya: yana hana ɗaukar ciki, in ta ɗauka kuma ya tsananta mata naƙuda. Shi ya sa masu kiwo da yawa, nan da ƙasashen waje, suke da ƙa'idar ba uwa dama uku kafin su cire ta daga cikin masu haihuwa. Dabarar da ta fi amfanata ita ce in kai sabuwar uwa da tsohuwa wurin namiji rana ɗaya. In sabuwar ta yi sakaci, a kwashe jariran a cusa cikin gashin akwatin tsohuwar, ta shayar da su tare da nata, tunda sau ɗaya kawai uwa ke shiga ba da nono a yini, shi ma na 'yan mintoci. 'Ya'yan Fara biyun nan haka suka rayu.

To, amma wannan ƙa'ida ta dama uku an yi ta ne domin gyaran hali. Ɗora ta a kan zomanyar da ɗa ya maƙale wa zalunci ne, kuma a nan ne na rabu da ɗana.

Haihuwar zomo abu ne mai sauri. Lafiyayyar uwa takan zubo shida ko takwas cikin abin da bai wuce rabin awa ba, galibi kafin gari ya waye, mai gida ma bai sani ba. Doguwar naƙuda baƙon abu ne a wurinsu, don haka in ta faru akwai dalili a jiki. Ko dai ƙugun ya yi ƙunci, ko 'ya'yan sun yi kaɗan har kowanne ya samu abinci fiye da kima ya ƙasaita ya wuce kwanakinsa, ko mahaifar ta gaji ta daina matsawa. Zomanya mahaifa biyu gare ta, kowacce da bakinta. Ɗa yana iya mutuwa ya zauna a ɗaya, ya bushe ya yi tauri kamar tsakuwa, uwar tana yawo kamar lafiya lau amma ba ta ƙara ɗaukar ciki. Ko kuma ya ruɓe, mugunya ta taru, zazzaɓi ya kashe ta. Wanda ya sake kai irin wannan wurin namiji ba tare da an lalube cikinta ba, caca yake yi da ranta.

Ban yanke hukunci a kan Toka da faruwar abin sau ɗaya ba, domin wannan ne karo na biyu. A watan Oktoba ta haifi ɗa guda tal, ƙato, a mace, a kwana na 34. Wancan karon na ɗora wa kaina laifi, kuma da gaskiyata. Na aro wani ƙaton namiji jinsin Filemish don kwaɗayin manyan 'ya'ya, ita kuwa 'yar madaidaiciya ce. Na kuma cika ta da dusa har wuyanta ya yi taiɓa. Na san zafi ma yakan rage ƙarfin namiji har a samu 'ya'ya kaɗan, domin zomo ba ya jure abin da ya haura digiri 30, mu kuwa a bazara muna kaiwa 40. Saboda haka na gyara duk abin da ke hannuna. Na rage dusa na ƙara harawa da ganyen dankali har ta saɓe, na zaɓi namiji daidai girmanta wanda ya ba wasu mata bakwai bakwai, na haɗa su a Fabrairu da sauran sanyi. Duk da haka abin ya dawo, har ya fi na farko muni. Da na tambayi likitan, ya sake taɓa ƙugunta ya ce, "Malam, in tawa ce ba zan ƙara ba." Ban nemi ƙarin bayani ba.

Ko ta fuskar lissafi aka duba, maganar ba ta da wuya. Uwa ta gari a kiwon bayan gida tana iya haihuwa sau huɗu ko biyar a shekara. Wadda ke kawo biyu matattu tana cin abinci daidai da waccan, ta tare keji, ga kuɗin likita da na mai. Maye gurbinta kuma ba ya ɗaukar lokaci, tunda 'yar zomo takan isa barbara tana wata biyar zuwa shida. Mai saniya yana da uzurin yin haƙuri da karsanarsa, don sai ya jira shekara uku kafin wata ta taso. Mai zomo ba shi da wannan uzuri. Ƙari a kan haka, in wata 'ya ta tsira daga irin wannan uwa, ba a so a ajiye ta don haihuwa, saboda siffar jiki gado ce.

Sai dai ni ba lissafin ne ya tsaya mini a rai ba. Zomo ba ya kuka sai azaba ta kai maƙura. Ranar nan a kan teburin likita na ji ƙarar Toka, siririya kamar ta jinjiri, jikinta na rawa a tafin hannuna. Dabbar da ka kulle a keji ba ta da zaɓi, kai ne ke ɗaukarta ka kai ta wurin namiji. In ka san abin da ke jiranta bayan wata ɗaya ka kuma kai ta, alhakin yana wuyanka, kuma addininmu bai ɗauki haƙƙin dabba da wasa ba.

Hutarwa iri biyu ce, kuma duka halas ne. Ana iya yankawa a ci, naman zomo babu shubuha a cikinsa, amma a jira kwanakin da likita ya faɗa in an yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta. A nan ina jan kunnen masu ɗauko maganin mutane daga kemis: amoksisilin da danginsa, in aka ɗura wa zomo ta baki, suna lalata masa hanji har ya mutu da gudawa. Ana kuma iya barin ta ta rayu a kejinta ita kaɗai, in akwai wuri da abinci. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kai ta kasuwa a sayar wa wani yaro mai fara kiwo a matsayin uwa, a ɓoye masa aibinta. Wannan ha'inci ne, kuma ana yin sa da yawa.

Fara dai, na mayar da ita wurin namiji bayan mako guda, na juya kejin ya ba iska baya, na sa akwati a kwana na 28. Ta cika shi da gashi har ba a ganin 'ya'yan, ta haifi takwas, ta yaye bakwai. Yanzu tana goyon na uku. Toka kuwa yara sun roƙa a bar musu ita, na bari. Tana kejin ƙarshe kusa da bishiyar zogale, kuma na ja layi a kan sunanta cikin littafin barbara.