Kayan Rage Hayaƙi a Tsohuwar Mota: A San Su Kafin a Cire

Filin kimiyya na wannan makon ya leƙa gareji. Duk wanda ya taɓa duba injin tsohuwar mota mai kafireto zai ga ƙananan tiyo na roba sun sarƙe ko'ina. Sau da yawa bakanike kan fizge su, ya toshe ramin da kusa, ya ce ai kayan Turawa ne marasa amfani. Shin haka ne?

Asalin kayan daga Amurka ne. A farkon shekarun 1950 wani masani mai suna Arie Haagen-Smit ya nuna cewa hazon da ke sa mutanen birnin Los Angeles hawaye da tari yana samuwa ne idan hasken rana ya bugi hayaƙin motoci da na masana'antu. Jihar Kalifoniya ce ta fara kafa dokoki a kan haka, sannan a 1970 aka tsaurara dokar tsabtace iska ta ƙasar baki ɗaya. Daga nan kamfanoni suka riƙa ƙara wa inji waɗannan kaya. Ga biyar daga ciki da yadda za ku gane su.

1. Bawul ɗin PCV. Ƙarami ne kamar babban yatsa, yana kan murfin inji, da tiyo zuwa gindin kafireto. Yana zuƙe iskar da ta sulale ta gefen fistin, ya mayar da ita a ƙona. Idan aka toshe shi, iskar za ta matsa wa baƙin mai har ya fara yoyo, man kuma ya yi kauri kamar kunu. A ciro shi a girgiza. Mai lafiya yakan yi ƙaras-ƙaras.

2. Gwangwanin gawayi. Baƙi ne, da tiyo daga tankin mai. Gawayin ciki yana riƙe tururin fetur har a tayar da mota, inji ya zuƙe. Ba ya rage wa mota ƙarfi. Cire shi na jawo warin fetur da haɗarin gobara.

3. Bawul ɗin EGR. Ya yi kama da murfin ƙaramar tukunya, kusa da kafireto. Yana mayar da ɗan hayaƙi cikin inji don rage zafin ƙuna, domin tsananin zafi ne ke haifar da iskar da ke ƙona huhu. Idan baƙin hayaƙi ya maƙale shi a buɗe, mota takan yi rawa ko ta mutu a tsaye. Galibi wanki kawai yake buƙata. Idan aka cire, inji na iya fara ƙwanƙwasa a hawa, tunda da shi aka saita kafireto.

4. Famfon iska. Bel ne ke juya shi. Yana hura iska cikin bututun hayaƙi don ragowar man da bai ƙone ba ya ƙarasa ƙonewa.

5. Tukunyar salansa, wadda a garejojin Najeriya ake kira indomi. Ta yaɗu a motocin Amurka daga 1975. Cikinta kamar saƙar zuma, an shafe shi da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa ɓarayi ke yanke ta. Tana sauya iskar guba ta kabon monokside zuwa wadda ba ta kisa nan take.

To, idan wani ya lalace ba a samu sabo ba fa? Kada a yi gaggawa. A fara duba takardar da ke manne a cikin bonet, domin a motoci da yawa tana ɗauke da zanen hanyar kowane tiyo. A ɗauki hoto da waya, a sa wa kowane tiyo lamba. Duk ramin da aka bari a jikin kafireto a rufe shi da marfin roba, in ba haka ba iska za ta yi wa mai yawa, inji ya yi zafi. A adana abin da aka cire. A Amurka kuwa, cire waɗannan kaya daga motar da ke hawa titi laifi ne.

Rigakafi ya fi magani. Hayaƙin da salansa ta fitar, mai talla a bakin titi da ɗalibin da ke tafiya makaranta a ƙasa su ke shaƙa. Kabon monokside ba shi da launi, ba shi da wari, don haka kada a taɓa barin mota ko janareto a kunne a rufaffen wuri. Masu koyon kanikanci bayan an tashi daga makaranta, ku tambayi maigida cikin ladabi aikin kowane ƙarfe kafin a jefar da shi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.