Gaskiya ko Jita-jita: Musulmi Ne Suka Tilasta wa Nintendo Canza Wasan Zelda?

Masu son wasannin bidiyo na takobi da tsafi da dodanni sun daɗe suna ba da wani labari kamar sun gani da idonsu. Wai da wasan Zelda mai suna Ocarina of Time ya fito a 1998, Musulmi sun fusata saboda an sa sautin ibadarsu a ciki, suka yi ta kai ƙara har kamfanin Nintendo na Japan ya cire shi.

Rabin labarin gaskiya ne. A kaset ɗin farko na na'urar Nintendo 64, idan jarumin ya shiga haikalin wuta da ke cikin dutse mai aman wuta, ana jin muryar maza a ƙarƙashin kiɗan, suna rera kalmomin ibada na Musulunci da Larabci. Ba wani malami aka ɗauko aka naɗa ba. Daga faifan sautuka na sayarwa aka yanko muryar, irin wanda masu haɗa kiɗa ke saye su tsinci abin da ya yi musu daɗi, galibi ba tare da sanin ma'anarsa ba. Kuma lallai an cire ta a kaset ɗin da suka biyo baya. A nan ne ma aka mayar da jinin mugun sarki Ganondorf kore maimakon ja.

Inda labarin ya karye shi ne wajen lokaci. Masu bin diddigi sun duba ranar da aka kammala kowane bugu, wadda ke rubuce a cikin kaset ɗin kansa, suka tarar cewa har bugun da aka gyara an gama shi kafin 21 ga Nuwamba 1998, ranar da wasan ya shiga kasuwa a Japan. To wa zai yi zanga-zanga a kan abin da bai kai kunnensa ba tukuna? Bayanin da kamfanin ya bayar shi ne, yana da ƙa'idarsa ta kauce wa alamomin addini na zahiri, kuma da aka gane abin da muryar ke faɗa sai aka sauya ta. Haka ma jinjirin wata da tauraro da ke kan wata garkuwa a wasan, an maye gurbinsu da wani zane a bugun na'urar GameCube.

A ganina, abin da ya ba jita-jitar rai shi ne wani lamari dabam da ya faru da gaske. A Oktoba 2008 kamfanin Sony ya janye wasan LittleBigPlanet daga shaguna kafin a fara sayarwa, bayan wani ɗan wasa Musulmi ya ja hankalinsa cewa akwai jimloli biyu na Alƙur'ani a cikin waƙar Toumani Diabaté, shahararren makaɗin kora na Mali, wanda shi kansa Musulmi ne. A can an yi ƙorafi, an kuma amsa. Mutane suka haɗa biyun a tukunya ɗaya.

Sauran jita-jitar ba su da nauyi haka. Yaron mai koriyar hula ba shi ne Zelda ba, Link ne, Zelda kuwa gimbiya ce, kuma sai a 2024 Nintendo ya ba ta jagoranci a Echoes of Wisdom. Zelda na farko da ya fito a 1986 ba shi ya buɗe fagen irin waɗannan wasanni ba, domin Warren Robinett ya riga shi da wasansa Adventure a na'urar Atari 2600, inda jarumin ɗan ɗigo ne mai kusurwa huɗu, dodannin kuma sun fi kama da agwagi.

Akwai kuma masu cewa kowane Zelda da tafi aka tarbe shi. A tambayi The Wind Waker. Da aka nuna shi a 2001 da zane irin na katun, magoya baya suka yi ca, suna cewa an mayar musu da jarumi ɗan yaye. Masu sharhi sun yabe shi sosai da ya fito, amma cinikinsa bai kai na Ocarina of Time ba, wanda ya haura kwafi miliyan 7. Shi ya sa a 2006 kamfanin ya koma zane mai duhu da kama da gaske a Twilight Princess.