Fim ɗin da ba a iya kallonsa sau biyu

A watan Janairun shekarar 2000 wata yarinya 'yar ƙasar Lituweniya, mai shekara 16, ta faɗo daga kan wata gada a birnin Malmo da ke kudancin Suwidin. Bayan 'yan kwanaki ta cika a asibiti. Bincike ya nuna cewa an yaudaro ta ne daga ƙasarsu da alkawarin aiki, aka karɓe mata fasfo, aka kulle ta a wani gida ana kawo mata maza. Jaridu sun yi labarin, aka yi jimami, rayuwa ta ci gaba. Wani mai shirya finafinai, Lukas Moodysson, wanda shi ma ɗan wannan yanki ne, bai bari labarin ya wuce haka nan ba. A shekarar 2002 ya fitar da fim mai suna Lilya 4-ever, wanda ya ɗora a kan abin da ya sami yarinyar, ko da yake ya sauya suna da ƙasa da abubuwa da dama. Yau fiye da shekara ashirin ke nan, kuma duk inda ake zancen finafinan safarar mata sai an ambace shi.

Jama'a ba su zaci irin wannan aiki daga hannunsa ba. Finafinansa biyu na farko, na 1998 da na 2000, labarai ne masu taushi da ban dariya, na matasa da iyali, har ana ganinsa a matsayin mai sanyaya zukata. Sai ga shi ya fito da fim wanda tun daga minti na farko kiɗan ƙarfe na ƙungiyar Rammstein ta Jamus ke dukan kunne, yarinya tana gudu a titi fuskarta duk rauni, ta nufi gada. Mai kallo ya san ƙarshen tun kafin a fara ba shi labarin.

Labarin kansa ba shi da sarƙaƙiya. Lilya tana zaune da mahaifiyarta a wani lalataccen gari, fim ɗin bai faɗi sunansa ba, ya dai ce wani wuri ne a tsohuwar Tarayyar Sobiyat. An ɗauki yawancin wannan ɓangare a Paldiski na ƙasar Istoniya, tsohon sansanin jiragen yaƙi na ƙarƙashin ruwa da sojojin Sobiyat suka bari. Uwar ta samu saurayi, ta bi shi Amurka, ta ce za ta aiko a ɗauke ta daga baya. Ba ta aiko ba. Wasiƙar da ta zo daga ƙarshe hukuma aka rubuta wa, cewa ta sallama 'yar. Gwaggon Lilya ta ƙwace gidan da suke ciki, ta tura ta wani akurkin ɗaki. Aka yanke wuta. Ƙawarta ta yi mata ƙazafi, unguwa ta ɗauka. Abokin da ya rage mata shi ne Volodya, wani ƙaramin yaro da ubansa ya kora, wanda ke shaƙar sholisho don ya manta da yunwa da sanyi. Ana cikin haka wani saurayi mai fara'a da mota, Andrei, ya bayyana, ya ce akwai aikin gona a Suwidin, akwai gida, akwai albashi. Volodya ya yi mata tambayar da babu babban da ya yi: wane irin kayan lambu ake tsinka a tsakiyar hunturu? Ba ta saurare shi ba.

Masu sharhin finafinai, a Turai da Amurka, galibinsu sun yaba. Kusan bakinsu ya zo ɗaya a kan Oksana Akinshina, 'yar Rasha da ta fito a matsayin Lilya, wadda shekarunta ba su wuce 15 ba lokacin da fim ɗin ya fito. Abin mamaki, daraktan ba ya jin Rashanci, harshen da aka yi yawancin fim ɗin da shi, da tafinta aka yi aikin. A bikin Guldbagge, wato babbar lambar yabon finafinai ta Suwidin, fim ɗin ya kwashi kyaututtuka 5: fim mafi kyau, darakta, rubutun labari, jaruma, da ɗaukar hoto. Suwidin ta miƙa shi ga gasar Oscar, amma bai shiga jerin ƙarshe ba.

Sai dai yabon ya zo da ƙorafi iri biyu, kuma suna cin karo da juna. Wasu suka ce fim ɗin ya cika baƙin ciki, masifa na bin masifa ba hutu, har ya zama kamar daraktan yana azabtar da yarinyar ne don ya matse hawaye daga idon masu kallo. Wasu kuma suka ce a'a, laifinsa shi ne ya sassauta a ƙarshe. Domin bayan Volodya ya kashe kansa, yana dawo wa Lilya a mafarki da fukafukai irin na mala'ikun zanen coci, kuma fim ɗin ya rufe da su biyun suna wasan ƙwallon kwando a kan rufin bene, kowa da fukafukinsa. Masu wannan ra'ayi suka ce wannan zuma ce aka shafa a bakin wuƙa, kuma bai dace da sauran fim ɗin ba.

A ganina ƙorafi na biyu bai lura da abu guda ba. Fukafukan nan na arha ne, kana gani ka san na wasan yara ne, kuma da gangan aka yi su haka. Tun farkon fim ɗin Lilya na yawo da wani hoto na mala'ika riƙe da hannun yaro, tana rataye shi duk inda ta sauka, tana addu'a a gabansa. Aljannar da aka nuna a ƙarshe ita ce iyakar abin da yarinya irinta za ta iya hasashe: rufin bene, ƙwallo, da aboki. Ko a mafarkinta ba ta nemi abin da ya fi haka ba, kuma wannan ya fi duk dukan da aka yi mata ciwo. Moodysson bai taɓa ɓoye cewa shi mai imani ne ba, kuma yawancin masu sharhin Turai ba su saba da a kawo musu Allah cikin fim ɗin siyasa ba.

Ƙorafi na farko ya fi nauyi, kuma a nan ne masu kallo na gari suka shigo. Maganar da aka fi ji daga bakinsu ita ce: fim ne mai kyau ƙwarai, amma ba zan sake kallonsa ba. Sunansa yakan fito a jerin finafinan da mutane ke cewa kallo ɗaya ya ishe su. Da yawa suna nuna wuri guda, inda bayan an kulle Lilya a wani bene a Malmo, kyamara ta koma idonta. Ba a nuna tsiraicinta ba. Abin da ake gani shi ne fuskokin maza, ɗaya bayan ɗaya, suna haki a kanta: tsoho, matashi, mai ƙiba, mai kama da malamin makaranta, mai kama da maƙwabcin kowa. Mai kallo ya zama shi ne a kwance. Finafinai da yawa da ke cewa suna yaƙi da fasiƙanci suna sayar da jikin matar ne ta bayan gida, mai kallo ya sha kallo sannan ya yi Allah wadai. Wannan fim ya toshe waccan ƙofa.

Yana da kyau a san yanayin da fim ɗin ya faɗo ciki. Tun ranar 1 ga Janairun 1999 Suwidin ta kafa dokar da ta haramta sayen jima'i, ta bar mai sayarwa ba tare da hukunci ba, wato laifin na mai biyan kuɗi ne. Ita ce ƙasa ta farko da ta bi wannan hanya. A shekarar 2000 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar Palermo kan safarar mutane, kuma a 2002, shekarar da fim ɗin ya fito, Suwidin ta sanya safarar mutane don lalata a matsayin laifi mai zaman kansa a dokokinta. Saboda haka 'yan siyasa da ƙungiyoyi suka rungumi fim ɗin hannu bibbiyu. Aka riƙa nuna shi a tarurruka da makarantu. Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, IOM, ta kai shi Moldoba, ɗaya daga ƙasashen da aka fi kwasar 'yan mata a wancan lokaci, inda dubban mutane suka kalla.

Nan ne nake da ja. Fim ɗin an yi shi ne yana nuna mutanen ƙasa mai arziki da yatsa, ƙasar da yarinya ke bubbuga ƙofa tana ihu a cikin bene maƙwabta ba su ce uffan ba, ƙasar da shagunan filin jirgin samanta ke ƙyalli da turare. Da aka ɗauke shi aka kai ƙauyukan gabashin Turai, sai saƙon ya juye ya zama: ke yarinya, zauna gida, kada ki yarda da mai yi miki alkawarin aiki. Gargaɗin ba laifi ba ne. Amma duk wanda ya kalli rabin farko na fim ɗin ya san gidan da ake cewa ta zauna babu wuta, babu abinci, babu uwa, kuma tun kafin Andrei ya zo ta riga ta fara sayar da kanta a gidan rawa don ta ci. Masana da ke nazarin ƙaura, irin su Rutvica Andrijasevic, sun soki kamfen ɗin wayar da kai na wancan zamani kan cewa suna nuna matan gabashin Turai a matsayin gawarwaki ko 'yan tsana marasa wayo, abin da ke ƙarewa da tsaurara iyakoki maimakon buɗe halastacciyar hanyar neman aiki. Idan hanyar halas ta toshe, mai fasfon bogi ne ke samun ciniki.

Wasu masu fafutukar haƙƙin mata masu zaman kansu sun ƙara da cewa irin wannan labari, na yarinya ƙarama marar laifi da aka kulle, yakan sa jama'a su ɗauka ita kaɗai ce ta cancanci tausayi. Wadda ta san abin da za ta je yi, amma ba ta san bashin da za a ɗora mata da dukan da za ta sha ba, sai a ce ita ta kai kanta. Maganarsu na da ƙamshin gaskiya, duk da cewa fim guda ba zai ɗauki kowane labari ba.

Don a gane abin da Moodysson ya ƙi yi, a dubi Taken na 2008, inda Liam Neeson ya fito a matsayin tsohon jami'in leƙen asirin Amurka da aka sace 'yarsa a Faris. Ya bi sawu, ya karkashe mutane, ya dawo da ita gida lafiya. Fim ɗin ya tara kuɗi sama da dala miliyan 200, aka yi na biyu da na uku. Ma'aikatan da ke taimakon waɗanda aka yi safararsu sun daɗe suna kuka da shi, domin ya cusa wa mutane cewa safara tana farawa ne da baƙi su fasa ƙofa su sungumi 'yar masu kuɗi. A zahiri mafi yawan lokuta wanda aka sani ne: saurayi, ƙawa, 'yar uwa, wata hajiya ko madam da ta dawo daga waje da gwala-gwalai. Mutane sun fi son Taken saboda akwai uba mai ceto, kuma idan an tashi daga kallo an sauke nauyi. A fim ɗin Lilya duk wanda ya kamata ya cece ta yana nan, uwa, gwaggo, malamar makaranta, ma'aikatan jin daɗin jama'a, kowa ya kawar da kai.

Mu ma a Najeriya mun ga irin wannan muhawara. A watan Oktoban 2020 Netflix ta saki Òlòtūré na kamfanin EbonyLife, wanda Kenneth Gyang, ɗan jihar Filato, ya ba da umarni. Masu bin finafinan Hausa za su tuna shi da Blood and Henna, wanda ya taɓo gwajin maganin Pfizer a Kano. Sharon Ooja ta fito a matsayin 'yar jarida da ta ɓad da kama ta shiga cikin mata masu zaman kansu a Legas don ta tona asirin masu kai su Turai. 'Yar jarida Tobore Ovuorie, wadda ta yi irin wannan bincike aka buga a Premium Times a 2014, ta fito ta ce labarinta ne aka ɗauka, aka yi ta sa-in-sa da kamfanin. Amma abin da ya fi tayar da ƙura wurin masu kallo shi ne ƙarshen fim ɗin: motar ta tsallake iyaka da jarumar a ciki, editanta ya biyo baya bai cim mata ba, aka rufe. Mutane suka yi ta cewa an bar su a rataye, ina hukuma, ina sakayya? Mun saba a fim, na Kudu ko na Kano, azzalumi ya ga abin da ya shuka kafin a rubuta tammat.

Alƙaluma suna bayan Gyang. Hukumar IOM ta ce mata 'yan Najeriya sama da 11,000 ne suka isa Italiya ta teku a 2016, kuma ta ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na iya kasancewa waɗanda ake safararsu don lalata. Da yawansu ta Kano da Agadas suka ratsa zuwa Libiya, wato ta ƙofar gidanmu. Hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane tana aiki tun 2003, kuma a watan Maris na 2018 Oba na Benin, Ewuare na Biyu, ya tara bokaye ya warware rantsuwar da ake sa 'yan matan su yi don kada su tona asirin madam. Duk da haka motocin ba su daina tashi ba. A 2024 Netflix ta fitar da ci gaban labarin a matsayin shiri mai kashi-kashi, Òlòtūré: The Journey, inda aka bi matan cikin hamada, kuma a can ma babu wanda ya zo ya cece su.